Yadda Manyan Nadi Suka Yi Jinyar Faifan Kakata

A duk shekarun da na yi a nadin kwamfuta na unguwarmu a Umdurman, ban taɓa jin mutum ya buɗe baki ya ce bai sani ba. Na ji rantsuwa, na ji ashar, na ga dattijo ya fice a fusace ya bar takalminsa, amma wannan magana ko da wasa ba ta taɓa fitowa ba. Nadi muke ce wa ƙungiyar, da Larabcin gari, kuma kada sunan ya ruɗe ka. Ɗaki ne guda a bayan shagon wani tela, da fanka mai kuka, da tsofaffin kwamfutoci da aka kwaso daga ofisoshin Khartum bayan masu su sun gaji da su. Ranar Juma'a bayan la'asar muke haɗuwa. Dukkanmu Hausawa ne, jikokin waɗanda suka taso za su Makka suka yada zango a nan, da 'ya'yan waɗanda suka tsinci auduga a Jazira. Babu wanda kwamfuta ce sana'arsa. Ni kaina kayan gyaran raksha, keken haya mai ƙafa uku, nake sayarwa. Sha'awa ce ta tara mu, sai kuma son a ce wane ya iya.

Shugabanmu kawun matata ne. Riƙe wannan a ranka, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso. Ya yi aikin gwamnati ya yi ritaya, shi ya fara sayen kwamfuta a unguwar, kuma tun daga ranar bai sake yarda akwai abin da ya shige masa duhu ba. Magani ɗaya gare shi ga kowace cuta: "A goge, a sake zubawa." Kwamfuta ta yi nauyi, a goge. Lasifika ta ƙi magana, a goge. Wata rana wani ya kawo kwamfutar da ɓera ya ci wa waya, wallahi sai da Shugaba ya goge ta tas kafin wani ya leƙa bayanta.

To in ba a cewa ban sani ba, yaya ake tambaya? Da hanya. Mutum zai gyara zama, ya kurɓi shayi, ya dubi rufi, ya ce, "Akwai wani ɗan'uwana a unguwar Mayo, bawan Allah, tasa na'urar ta ƙi ganin firinta." Kowa ya san babu wani ɗan'uwa. Jiya jiya muka ga mai maganar a cikin raksha rungume da kwalin firinta. Amma sai a girgiza kai, a yi wa mutumin Mayo dariya son rai, a ce ai mutanen can sai a hankali, sannan a ba da amsa. Mai tambaya ma ya taya dariyar, ya fi kowa ƙyaƙyatawa. A haka wannan ɗan'uwa na Mayo ya mallaki kwamfutoci fiye da wani bankin, a unguwar da gidaje da yawa ko wuta ba su da ita. Ya manta kalmar sirri ba iyaka, ya zubar da shayi a kan madannai, ya goge hotunan bikin 'yarsa. Ko yanzu da yaƙi ya watsa mu, kowa ya kama gabansa, bawan Allahn nan yana nan da ransa a zaurenmu na waya, kwanan nan ma wayarsa ta ƙi caji.

Ni ban iya wannan ba. In abu ya ɗaure min kai, sai in ce, "Jama'a, ban gane ba, wa zai nuna min?" Sai kowa ya kau da kai, kamar na kwance zani a kasuwa. Shugaba ya taɓa kai ƙarata wajen matata, wai ba ni da kunya.

Abin da ya sa na shiga nadin tun farko, kakata ce, mahaifiyar Inna. Tana ƙaramar yarinya iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Hausa, a ƙafa da jaki, kuma hanyar nan duk tana cikin kanta: garin da suka yi damina suka yi ƙodago, rijiyar da aka hana su ruwa, gindin bishiyar da aka binne ƙanenta aka ci gaba da tafiya. Hausarta irin wadda ba a ji yanzu. 'Ya'yana in ta yi musu magana sai su dube ni, su amsa da Larabci. Da na ga ta fara rikicewa da sunayen jikoki, na ce zan ɗauki muryarta kafin ta tafi da labarin.

Na aro makirufo a nadi. Tun da kayan nadi ne, manya suka ce ba zai yiwu in haɗa shi ni kaɗai ba, suka biyo ni gida su uku: Shugaba, da wani tsohon malamin lissafi, da Alhaji mai turare na kasuwar Umdurman. Suka cika wa tsohuwa ɗaki, suka yi ta musu a kan wace waya za ta shiga wane rami har aka kira magariba, suka tafi. Bayan nan ni kaɗai na riƙa zuwa mata da hantsi. Tana zaune bakin gadon igiya, tana ba da labari, tana zagin wani madugu da ya mutu tun kafin a haifi uwata. Na ɗauki abu mai yawa. Na ajiye shi a faifan ajiya irin wanda ake jonawa da waya, mai kamar sabulun wanka, na kuma zuba kwafi a babbar kwamfutar nadi don gudun tsautsayi.

Kaka ta rasu. Inna ta daɗe ba ta son ko a ambaci faifan. Sai wata rana muna zaune a tsakar gida, tana tsince wake, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Kai." Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. "Wannan abu da ka ɗauka na Iya. Ka kawo min in ji muryarta."

Na tashi da murna na jona faifan. Maimakon ya buɗe, sai na ji yana wata ƙara daga ciki, ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake. Na cire shi, na ce wa Inna sai Juma'a, na kwantar da raina da cewa ai akwai kwafi a nadi.

Babu kwafi a nadi. Ashe watannin baya, wata Juma'ar da ban je ba, Shugaba ya yi lacca a kan muhimmancin ajiye kwafi, kuma don ya nuna wa jama'a abin da ke faruwa ga wanda bai ajiye ba, ya goge babbar kwamfutar a gabansu. An ce laccar ta yi armashi ƙwarai.

Na ajiye faifan a kan tebur, na ce, "Muryar kakata ce a ciki, kuma babu ita a ko'ina sai nan. Inna na jira. A cikinku akwai wanda ya taɓa ceto faifai mai irin wannan ƙara? In babu, a gaya min, in nemi wani wuri."

Tambaya ce da yaro ma zai iya amsawa da i ko a'a. Abin da na samu shi ne hannun Shugaba, a miƙe, tafin a sama.

A nadinmu na'urar da ta lalace kamar tiren abinci take. Babba ne ke fara sa hannu, sai mai bi masa, a haka har a zo kan yara. In ka tsallake mutum ka ba na ƙasa da shi, ka ce masa jahili ke nan a bainar jama'a, kuma zai riƙe ka har a makabarta. Ga shi mai miƙo hannun suruki ne, mutumin da ko ido ba na haɗawa da shi, wanda ya zauna a gaba ranar ɗaurin aurena ya karɓi sadaki. Yaya zan ce masa, "Kawu, janye hannunka"? Na ɗora masa faifan da hannu biyu.

Sai dai kafin ya tafi da shi, sai da kowa ya gaida mara lafiya. Wannan ya jona a tasa kwamfutar, ya kara kunne, ya ji ƙas ƙas, ya ce, "Allah sarki." Ya miƙa wa na kusa, shi ma ya jona, don ba zai yarda da kunnen wani ba. Wani ya ɗan buga shi a tafin hannu, wai allurar ce ta maƙale. Wani ya girgiza shi kusa da kunne kamar mai zaɓen kankana. Har tela ya bar kekensa ya shigo ya ji, ya ce ciwon ya yi kama da na kekensa lokacin da mai ya ƙare.

Ko Shugaba ya san wannan karon "a goge" ba za ta ɗauku ba, sai ya fito da sabon ilimi. Wai ya karanta cewa in aka sa faifai a firiza, ƙarfen ciki zai tsuke ya saki. Ya naɗe shi a leda ya tura a firizar gidansa, tsakanin kifi da ƙanƙarar da matarsa ke sayarwa. Abin da bai karanta ba shi ne halin wutar Umdurman. Aka ɗauke ta yini guda, ƙanƙara ta narke, kifi ya saki ruwa. Juma'a ta zagayo ya kawo faifan yana ƙarni, ya jona shi a gabanmu a jiƙe, ya saurara, ya ce, "Kun ji? Ƙarar ta yi laushi. An samu ci gaba."

Na koma gida. Inna ta ce, "Ina muryar?" Na ce manya na dubawa. Ta ce, "To, Allah ya saka musu."

Malamin lissafi ya karɓa. Shi ba ya taɓa ƙarfe, a ganinsa wannan aikin makanikai ne. Mutumin manhaja ne, yana da su cike da fulash, kowace an ce tana tayar da matattun fayiloli. Ya jona faifan ya saki ta farko ta yi ta bincike kwana da kwanaki, faifan na kuka, shi kuma yana aiko mana da hoton wani koren layi da ke rarrafe a allo. In layin ya tsaya sai ya sake daga farko da wata. Na kira shi na ce, "Malam, wannan juyin da yake yi ba ya ƙara masa ciwo?" Ya yi dariya irin ta malamai, ya ce, "Ya zol, kai mutumina, ilimi haƙuri yake so." Na ce na ji, amma shi ya taɓa ganin wanda ya warke a haka? Ya ce wani ɗan'uwansa a Mayo.

A lokacin na ce wa matata zan je in karɓo abina. Ta ce in rufa mata asiri, saura Alhaji mai turare kawai, in aka tsallake shi Kawu ne zai ji kunya, tunda shi ya tsara layin. Ta ce, "Ka yi haƙuri, mako ɗaya ne." Inna kuwa ta daina tambaya da baki. In na shigo sai ta dubi hannuna, ta ga wayam, ta ci gaba da abin da take yi. Wannan kallon ya fi tambayar ciwo.

Ban jira Juma'a ba, na bi Alhaji shagonsa. Na same shi zaune tsakanin kwalabe, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan kanta, ya kwance murfin faifan, kusoshin na cikin murfin kwalbar turare. Cikin faifan na sheƙi kamar madubi. A hannunsa akwai auduga da ya tsoma a sifirit ɗin da yake haɗa turare da shi, ya riga ya goge gefe guda, yana hura wa ɗayan iska da baki. Da ya gan ni fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ɗana, ƙura ce! Duk sun bar gaskiya, ƙura ce kawai."

A nan ne kunya ta ƙare min. Na ce, "Alhaji, don girman Allah, ka taɓa buɗe irin wannan?" Ya ce ya buɗe agogo, ya buɗe rediyo. Na ce, "Ban tambaye ka agogo ba! Wannan, wannan da ke gabanka, ka san shi ko ba ka san shi ba?" Masu sayen turare suka juyo. Ya ajiye audugar, ya ce shi dai taimako ya yi niyya, kuma ya haife ni. Na ce ya haife ni, amma bai haifi kakata ba. Na tattara faifan da murfinsa da kusoshinsa a cikin ƙyallen, na fita. Kafin in isa tashar mota labari ya isa gidan Kawu.

Na haye gada zuwa Khartum, na sami wani shago a saman bene inda wannan ne aikinsu. Injiniyan wani mutum ne mai gajiyayyar fuska, bai ko ce in zauna ba. Ya buɗe ƙyallen, ya sunsuna, ya dube ni. Ya ce da Larabci, "Kifi ne wannan ko turare?" Na ce duka biyun. Ya ce tun da ya fara ƙara, sau nawa aka jona shi? Na fara lissafa manya a raina, da 'yan gaisuwa, da tela, na ga abin ba zai lissaftu ba, na ce da yawa. Ya ce faifai in ya fara wannan kukan, sauran numfashinsa kaɗan ne, kowace jonawa tana kankare wani abu daga ciki, da an kawo shi a ranar farko da wataƙila an kwashe kusan komai. Na ce yanzu fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ban sani ba. Zan gwada."

Wallahi sai da na ji kamar in rungume shi. Na daɗe ban ji wannan magana daga bakin namiji mai gemu ba.

Bayan kwanaki ya kira ni. Abu ɗaya ya fito, fayil guda, gajere, wanda ke can farkon faifan inda audugar Alhaji ba ta kai ba. Sauran sun tafi: damina, da rijiya, da bishiyar ƙanenta, da madugun da take zagi. Ya zuba min a fulash. Ban saurara a shagon ba, na ji tsoron in yi abin kunya a gaban baƙo.

Matata ta matsa sai na je nadi na ba da haƙuri, na je. Na durƙusa na gaida Kawu, na ba Alhaji haƙuri a kan ɗaga murya, ban ba shi a kan sauran ba. Da suka ji an ceto fayil ɗaya, ɗaki ya ɗauki kabbara. Shugaba ya ce sanyin firiza ne ya riƙe wannan ɗin. Malamin lissafi ya ce manhajarsa ce ta share hanya, injiniyan tsinta kawai ya yi. Alhaji ya ce da an bar shi ya gama ɗaya gefen, da yanzu wani zancen ake yi. Aka soma musu, aka aika a kawo shayi. Babu wanda ya tambaye ni abin da ke cikin fayil ɗin.

Washegari da hantsi na kai wa Inna. Na ce mata ba duka aka samu ba, ɗan kaɗan ne. Ta ce ko tari ne ta ji. Ta wanke hannu, ta gyara mayafi, ta zauna bakin gadon igiyar nan da Kaka ke zama. Na ajiye kwamfuta a kan kujera na kunna.

Muryar Shugaba ce ta fara fitowa, ƙatuwa, daf da makirufo: "Ba nan ba, ja ramin." Sai ta malamin lissafi: "Ja na lasifika ne, ya ustaz." Sai Alhaji na hura makirufo, fu, fu, yana cewa a ba shi ya gani. Ashe ranar farkon nan ce, ranar da suka zo haɗa min kaya. Na'urar na ɗauka tun lokacin, su ba su sani ba. Na kai hannu zan kashe, Inna ta riƙe min hannu.

Can baya, ƙasa ƙasa, a ƙarƙashin hayaniyarsu, sai ga ta. "Samari, in fara?"

Inna ta dafe ƙirji.

Ba wanda ya amsa wa tsohuwa. Shugaba na bayanin yadda ya haɗa irin wannan a ofis tun kafin a haifi wasu. Aka ji gadon ya yi ƙara, ta gyara zama. Ta ɗan yi tari. Ta sake cewa, a hankali, da ladabin da take yi wa baƙi maza, "Na ce ko in fara? Daga barinmu gida zan faro, ko daga rijiyar?"

Inna ta matso da fuskarta kusa da lasifika, hawaye na bin kumatunta, ta ce, "Fara, Iya. Faro daga gida, muna ji."

Aka ji Kaka ta ja numfashi za ta yi magana. Sai muryar Shugaba ta rufe ta: "Bai ɗauka ba. A goge, a sake."

Fayil ɗin ya ƙare a nan. Inna ta share fuska da gefen mayafi, ta ce in mayar mata daga farko.